Tambaya da Amsa: Ruwa ya janye tuntuni, amma yarona ya ƙi tsawo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu na lafiyar yara. Wannan karon saƙonni sun taru min sosai, kuma abin da na lura kusan rabinsu daga mutanen bakin gulbi suka fito, Gummi, Argungu, Suru, Bunza, Bagudo har Yawuri, kuma duk maganar ɗaya ce ta fuskoki daban-daban, wato ambaliya ta zo ta wuce an koma gida amma yaran ba su koma yadda suke ba. Na zaɓi guda biyar, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri, in kun karanta za ku ga amsarku na ciki insha Allah. Sunaye kamar kullum na cire.

TAMBAYA TA FARKO, daga wata uwa a Gummi

Anti ina wuni, dan Allah a taimake ni da shawara. Lokacin da ruwa sunka ci muna gida cikin watan takwas na 2024 yarona yana da wata bakwai, ɓul-ɓul da shi kowa sai ya ɗauke shi. Munka zauna makaranta kusan sati ukku, can ya fara zawo, ya tsaya ya dawo, ya tsaya ya dawo har bayan mun koma gida. Yanzu ya kusa shekara biyu yana wasa yana cin abinci ba ciwon komi, amma ɗan ƙanwata da ke Gusau wanda yarona ya girme ma da wata biyar ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Uwar mijina ta ce gado ne, wai kakanai ma gajere ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mi za ni yi?

AMSA

Lafiya lau ƙanwata, Allah ya mayar muku da alherin abin da kuka rasa. Kin yi daidai da hankalinki bai kwanta ba, kuma na ji daɗi da kika rubuto yanzu yana ƙasa da shekara biyu, ba sai ya shiga firamare ba.

Bari mu fara da maganar Inna, don ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba, akwai gado a tsawo, kowa ya san gidan dogaye ya san gidan gajeru. Sai dai a shekarun nan na farko gado ba shi ne ke jan ragama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe shida, Ghana, Indiya, Brazil, Norway, Oman da Amurka, yaran da aka shayar da nono, suka samu abinci da ruwa mai tsafta da rigakafi, sai aka ga girmansu kusan ɗaya ne har zuwa shekara biyar, ɗan Ghana da ɗan Norway suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Da wannan aka fitar da ma'aunin 2006, shi ne layukan nan da kike gani a katin awo. Kuma shi kansa kakan, wa ya san abin da ya same shi yana goye? Mutanenmu da yawa da aka haifa lokacin farin 1973 ko na 1984 sun tashi gajeru, muka ce halittarsu ce, alhali yunwa ce ta taɓa su tun suna bayan uwa.

Abin da kike kwatantawa shi muke kira tsumburewa, kuma ya bambanta da rama. Rama tana zuwa da sauri, sati biyu na zawo ka ga yaro ya zube, ido ya faɗa, kowa ya gani a tashi tsaye, in aka kula kuma ta tafi da sauri. Tsumburewa kuwa a ɓoye take aikinta. Jikin yaro in abin da ke shiga bai ishe shi ba sai ya zaɓi abin da zai fara yi wa hidima, zuciya ta buga, numfashi ya tafi, a yaƙi cuta, tsawon ƙashi kuma a ajiye shi gefe sai hali ya yi. Shi ya sa za ki ga yaro da kumatunsa yana guje-guje amma ya tsaya wuri ɗaya, rigar sallar bara har yanzu daidai take masa. Kuma ba ku kaɗai ba ne, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a jihar Kebbi maƙwabciyarku kuwa kashi 66 ne, wato biyu cikin uku, ita ce ta fi kowace jiha. To in kusan duk yaran unguwa gajeru ne ido zai saba, a ga kamar haka yara suke. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima, a nan kam ido yana yaudara, sai an auna.

Yanzu ina ruwan ambaliya da tsawon yaro? Ni abin da na gani da idona a 2020, shekarar da ruwa ya kwashe shinkafar fadamun Kebbi, mun je duba yara a wata firamare da aka tara mutane, aji ɗaya iyali ya fi goma, ƙasa a jiƙe, masai ɗaya ya cika ya tumbatsa, awaki da kaji na tsakar filin. Wata yarinya mai rarrafe, ba za ta wuce wata tara ba, na ga ta ja silifas ɗin wani daga bakin ƙofa ta kai baki tana tsotsa, uwar na gefe tana fama da hura jiƙaƙƙen icce ba ta ma gani ba, kuma ba laifinta ba ne wallahi, hannunta biyu ne. Wannan silifas ɗin shi ne amsar tambayarki. Ruwan ambaliya yana shiga shadda ya kwaso abin da ke ciki ya zuba a rijiya ya shafe tsakar gida, babba yana tafiya da ƙafa yana wanke hannu, mai rarrafe kuwa da tafin hannu da baki yake yawo. Ƙazantar in tana shiga cikinsa kullum, ko ba a ga zawo ba, tana cinye 'yan ƙananan gashin da ke cikin hanji waɗanda su ne ke tsotse amfanin abinci, sai ya zamana yana ci amma rabi wucewa yake. Ki ƙara da zawon da kika ce yana tsayawa yana dawowa, ki ƙara da sauro da ke ƙyanƙyasa a kududdufin da ruwa ya bari, ki ƙara da cewa abinci ya ragu a gida, kuma duk wannan ya faɗo masa a wata bakwai, daidai lokacin da nono kaɗai ya daina isarsa.

Lokacin shi ne babban abu. Jariri ana haifarsa da tsawon wajen santimita 50, kafin ya cika shekara ya kai wajen 75, a shekara biyu wajen 87. Babu wani lokaci a rayuwa bayan haihuwa da mutum ke ƙara santimita 25 a shekara ɗaya sai wannan. Shi ya sa ake ta maganar kwana 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu. A ƙasar Zimbabwe an auna yara kafin farin 1994 zuwa 1995 da bayansa, aka ga 'yan wata 12 zuwa 24 sun yi asarar santimita 1.5 zuwa 2 na girma, yayyensu kuwa da suka ɗan tasa ba su tsaya ba, kuma shekara huɗu bayan nan 'ya'yan marasa hali ba su cike giɓin ba. A Bangaladesh ma bayan babbar ambaliyar 1998 an ga irin haka, yaran gidajen da ruwa ya ci sun fi sauran gajarta. Kuma ni ba tsawon ne ya fi damuna ba, gajarta ba aibi ba ce, abin da ya hana ƙashi miƙewa shi ne kuma ke taɓa ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki a daidai wannan lokacin.

Abin yi. Wannan satin ki ɗauki katinsa ki kai shi awo, ki ce a auna miki nauyi da tsawo duka, a kwance ake auna tsawon wanda bai cika shekara biyu ba, a kan allo, don wasu wuraren sikeli kawai ake ɗora yaro a sallame ki, ki roƙa a yi miki duka. Namiji ɗan shekara biyu in bai kai wajen santimita 82 ba to ya faɗa ƙasan layi. A sa masa tef ɗin damtse, wanda ake auna kaurin hannu da shi don gane rama, a duba jininsa, a ba shi bitamin A in ya wuce wata shida bai sha ba, da maganin tsutsar ciki. Kada ki yaye shi yanzu dan Allah, ki cika masa shekara biyun nan da Alƙur'ani ma ya ambata. Abinci sau uku zuwa huɗu a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, a kwanonsa shi kaɗai, don in aka haɗa shi da yayye kafin ya kai loma biyu sun share. Yadda za ki haɗa abincin ki duba amsar da na ba mai tambaya ta biyu. Ba zan yi miki alkawarin zai kamo ɗan ƙanwarki ba, amma watannin da suka rage masa suna da tsada ƙwarai, kuma ko bayan shekara biyu kada ki saki, jiki da ƙwaƙwalwa suna ci gaba da amfana.

Inna kuma kada ki yi musu da ita, ki tafi da ita awon, ta ga layin da idonta.

TAMBAYA TA BIYU, daga wani manomi a yankin Suru

Hajiya barka da aiki. Ni manomin shinkafa ne, ruwa ya cinye min gona, rumbu ma ya jiƙe, ɗan gero da masara da gyaɗar da munka tsamo mun shanya sun bushe amma wasu sun yi baƙi-baƙi suna wari. Ina da tagwaye 'yan wata goma sha ɗaya. Kuɗin abincin gwangwani babu. Za a iya yi musu kunu da wannan hatsin in an dafa sosai?

AMSA

Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya raya tagwaye, kuma na yaba da uba ne ya rubuto, don maganar cikin yara ba ta mata kaɗai ba ce, kai ke da mabuɗin rumbu.

Wanda ya yi baƙi ko kore, ko ya yi fumfuna, ko gyaɗar da ta yanƙwane take ɗaci, kada a ba su, ko an dafa. Akwai wata guba da fumfuna ke bari a masara da gyaɗa musamman, masana na ce mata aflatoksin, wuta ba ta kashe ta, tana lahanta hanta, kuma binciken da aka yi a Benin da Togo ya danganta ta da tsumburewar yara. Na san zubar da hatsi a shekarar da babu yana da ciwo, amma a zauna a baza a faifai a tsince ɗaya bayan ɗaya, a wanke, wanda ya taso saman ruwa a kwashe, mai kyaun a sake shanya shi a kan tabarma ko leda ba a ƙasa ba, mafi kyawun ciki a ware wa yaran da mai shayar da su. Ruɓaɓɓen kuma kada a zuba wa saniya ko akuyar da ake tatsa, yana bi ta nono.

Ba kwa buƙatar gwangwani. Ga haɗin da ake koya wa mata a asibitoci da yawa, wanda ake ce wa Tom Brown: awo shida na gero ko dawa, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, ko da gwangwanin madara ne ma'aunin. A soya waken sosai a cire ɓawon, a soya gyaɗa, a ɗan gasa hatsin, a haɗa a niƙa. Abin da nake so ka gaya wa uwar gida shi ne kauri. Kokon nan tsararo da muke ɗura wa yara ruwa ne kawai ke cika musu ciki, cikin yaro kuma ɗan ƙarami ne, kofi ɗaya ya cika shi. A dama shi da kauri yadda in an karkata cokali ba zai zube nan take ba, a ɗiga ɗan man gyaɗa ko manja. Ku da ke bakin gulbi kuna da abin da mutanen birni ke saye da tsada, ƙananan kifin nan da ake shanyawa, a dake su lukui har da ƙashin a riƙa zuba cokali ɗaya a abincinsu. Garin zogale, kabewa a murƙushe, wake a dafa ya yi laushi, ƙuli-ƙuli na gyaɗa mai kyau, awara, ɗan nono in an tafasa. Ƙwai kuma in kaza ta yi, a ba su. Maganar nan ta cewa yaro in ya ci ƙwai zai yi sata ta cuci yaranmu da yawa, ƙwai ɗaya a rana ga ɗan wata goma sha ɗaya babban abu ne, ko a raba musu ɗaya su biyu in shi ke nan.

Sannan tunda a Kebbi kuke, tun watan Disamban 2024 aka fara allurar rigakafin maleriya a jihar, ita da Bayelsa aka fara da su, ana yi a wata biyar, shida, bakwai, sai ta huɗu a wata goma sha biyar. Ka duba katinsu, in ba a yi ba ka je ka tambaya da wuri tun shekarunsu ba su wuce ba, ka duba ta ƙyanda ma ta wata tara. Gidan sauro kowane dare, da maganin nan na kariya daga maleriya da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata da damina, a tabbata sun sha na kwana ukun duka. Zazzaɓi ɗaya mai ƙarfi yana cinye jinin da aka yi wata biyu ana tarawa.

TAMBAYA TA UKU, daga wata kaka a Argungu, jikanta ne ya rubuta mata

Ɗiyata ta haihu da wata biyu ruwa ya shigo musu da dare, ta tsorata ƙwarai, tun daga nan ta ce nononta ya ƙafe. Wasu masu taimako sun raba madarar gwangwani da fida, muna haɗa wa jinjirin da ruwan randa. Yanzu yana zawo, maɗigarsa ta faɗa. Wasu sun ce haƙori ne, wasu sun ce nonon tsoro ne ya ɓata mai ciki.

AMSA

Inna ina gaisuwa, kuma ki yi haƙuri zan fara da na gaggawa. Jinjiri ɗan wata biyu ko uku mai zawo da maɗiga a faɗe ruwan jikinsa ne ya ƙare, a kai shi asibiti yau, kada a kwana, kada a shafa komai a maɗigar. A hanya uwar ta riƙa sa shi a nono ko da tana ganin babu komai. Ba haƙori ba ne, ɗan wata biyu ina ya ga haƙori, kuma ko mai fitar da haƙorin ba haƙori ke sa shi zawo ba, abin da yake kaiwa baki ne.

Tsoro ba ya ɓata nono kuma ba ya ƙafar da shi. Abin da yake yi shi ne ya riƙe saukowarsa na ɗan lokaci, uwa ta matsa ta ga bai fito ba hankalinta ya ƙara tashi, sai a kawo fida, yaro ya ƙoshi ya rage tsotso, shi kuma nono tsotso ne ke kiransa, in an rage sai ya ragu da gaske. Haka abin ke faruwa, kuma ana iya juya shi. Ta riƙa rungume shi fata da fata, ta ba shi dare da rana akalla sau takwas zuwa goma sha biyu, ku kuma ku ɗauke mata aiki, ku ba ta kunun kanwa ko na gyaɗa da fura da duk abin da ya samu, ku daina cewa nononta ya lalace a gabanta. Cikin kwanaki zuwa 'yan makonni yakan dawo, ma'aikatan asibitin za su nuna mata yadda za a rage madarar a hankali, da kofi ba da fida ba, kada a yanke masa lokaci ɗaya.

Masu rabon madarar na san alheri suka nufa, amma madarar gwangwani a wurin da babu ruwa mai tsafta babu iccen tafasawa haɗari ce babba. A Botsuwana a 2006 bayan ruwan sama mai yawa ya gurɓata ruwan sha, ɗaruruwan ƙananan yara suka rasu da zawo, kuma mafi yawansu waɗanda ba sa shan nonon uwa ne. Jinjirin da bai kai wata shida ba nono zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata ko a zafin Afrilu, don kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. In masu hali na son taimakon jinjiri a sansani, su ciyar da uwarsa.

Ga sauran yaran gidan da suka wuce wata shida, a ajiye ORS, wato haɗin ruwan gishiri da sukari na mai zawo, da ƙwayar zinki a gida. In babu na leda, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, wato cikin ledar fiya wata guda biyu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, in ya kwana ya wuni a zubar a sake. Zinki kuma kwana goma zuwa sha huɗu ko zawon ya tsaya a kwana biyu. Kada a hana yaro abinci don yana zawo, in ya warke ma a ƙara masa ci ɗaya a rana har sati biyu, da wannan ne yake mayar da abin da ya zube. Ruwan randa a tafasa ko a sa masa maganin tsaftace ruwa, a rufe, moɗa ɗaya mai mariƙi. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma ta ruwan sha yake bi.

TAMBAYA TA HUƊU, daga wata amarya a Bagudo

Anti ina da ciki wata shida ruwa ya tashe mu, mun yi wata guda muna cin abinci sau ɗaya. Na haihu yarinya kilo 2.2. Za ta yi girma kamar sauran yara?

AMSA

Barka da arziki ɗiyata, Allah ya raya. Duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba ana ɗaukarsa ƙarami, kuma eh, yunwa da wahala da zazzaɓin da uwa ta sha suna taɓa na ciki, an san wannan tun yunwar da aka yi a Holan a 1944 zuwa 1945, matan da ta same su a ƙarshen ciki sun haifi jarirai marasa nauyi. Amma da yawa irin 'yarki suna kamo 'yan'uwansu in an kula. Nono zalla wata shida, ki tashe ta ki ba ta in ta yi barci ya wuce awa uku, ki riƙa ɗaure ta a ƙirjinki fata da fata da hula a kai saboda sanyi ne babban abokin gabarta, a rage mata yawan wanka. Awo duk wata ba fashi, da ɗigon rigakafin zawo na rota da aka shigo da shi a 2022, ana ba su a sati shida, goma da sha huɗu. Ke kuma ki ci, ki sha maganin ƙarin jini, kuma ki zauna da maigida ku yi maganar tazara, kwanika a kan yarinya irin wannan zai wahalar da ku duka.

TAMBAYA TA BIYAR, daga wani ƙanen uba a Talata Mafara

Malama, ɗan yayana shekara ɗaya da rabi ya rame sosai bayan damina, amma yanzu alhamdulillahi ya fara ƙiba, ƙafafunsa da fuskarsa sun cika. Sai dai gashinsa ya yi ja-ja, ba ya son wasa, abinci ma sai an matsa. Wane maganin ƙarin kuzari zan saya masa a kemis?

AMSA

Ɗan'uwa kada ka sayi komai a kemis, ina jin tsoron wannan ba ƙiba ba ce kumburi ne. Yanzun nan ka je ka kama ƙafafunsa biyu, ka danna babban yatsanka a bayan kowace ƙafa, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, ka ɗaga. In wurin ya lotsa ya zauna kamar ka danna tuwo mai ɗumi, to tamowa ce mai tsanani, wadda wasu ke ce wa kwamaso, kuma wannan nau'in mai kumburi yana kisa da sauri fiye da yadda ake zato, saboda kowa na ganin yaro ya cika ana murna. Na taɓa riƙe ƙafar wani yaro haka a gaban babansa, da na ɗaga yatsa ramin ya zauna, mutumin ya yi shiru can ya ce, mu da muke cewa ya samu lafiya. Tunda ka ce ba ya son ci, kwantar da shi za a yi, a fara da madara ta musamman kaɗan-kaɗan, don irin wannan yaron in aka ɗura masa abinci mai nauyi lokaci ɗaya zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun daɗe suna aikin tamowa a Zamfara, ga kuma cibiyoyin gwamnati, ka tambaya a asibiti mafi kusa inda ake karɓar masu tamowa.

Tef ɗin damtse kuma kowa ya iya karanta shi, ga yaro daga wata shida zuwa shekara biyar: ja shi ne ƙasa da santimita 11.5, rawaya 11.5 zuwa 12.5, kore sama da haka. Sai dai mai kumburi tef zai iya nuna kore alhali yana cikin haɗari, shi ya sa ake danna ƙafa. In an sallame ku aka ba ku ledojin nan na gyaɗa, kowace ɗaya tana da kalori 500, magani ne aka auna daidai nauyinsa, ba a dama shi da ruwa, ba a raba wa yayyensa ko suna kuka, ba a kai shi kasuwa. Na san da wuya uwa ta ba ɗaya sauran na kallo, to kai da kake ƙanen uba a nan za ka shigo, ka ɗauki nauyin ɗan abin da sauran za su taɓa a lokacin da ake ba shi nasa. Ka rubuto min bayan sati biyu ka gaya min yadda ƙafar take da abin da sikeli ya nuna.